Tafiyar Ƙafa da Jaka a Baya: Daga Dutsen Kufena Zuwa Cikin Birnin Zariya

 A wannan mako tafiya za mu yi da ku, tafiyar kuwa ta ƙafa ce.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin samarin Turai da Amurka da Ostareliya. Yaro ya ƙare makaranta, ko ma'aikaci ya sami hutu, sai ya tattara 'yan kuɗinsa, ya zuba tufafi kala biyu ko uku da magani da tocila cikin jaka guda, ya goya ta a baya, ya kama hanyar wata ƙasa. Ba ya sauka a babban otal. Inda talakan ƙasar ke kwana nan yake kwana, abin da suke ci shi yake ci. Yawon nasu kashi biyu ne. Na farko shiga kurmi, watau su ɗauki ɗan jagora su yi kwana uku ko huɗu suna ratsa daji, kamar kurmin Taman Negara na ƙasar Malesiya, ko tsohuwar hanyar duwatsun da ke kai mutum kangon Machu Picchu a ƙasar Peru. Na biyu kuwa shiga birni, su bi lungu-lungu suna duban tsofaffin gine-gine da kasuwanni, kamar yadda suke cika Fas da Marrakish a ƙasar Maroko.

Da yawa daga cikinmu in suka ga irin waɗannan sai su yi dariya, su ce ɗan mai kuɗi ne ya rasa abin yi ya sayi wahala. Amma wanda ya san tarihin ƙasar nan ya san cewa tafiya da ƙafa da ɗan guzuri gadonmu ce, mu ne muka sake ta. Birnin Zariya kuma ya sha ganin masu yin ta, baƙi da 'yan gida.

Baƙin da suka ratsa Zariya

A watan Disamba na 1825 wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya tashi daga Badagiri a bakin teku, shi da baransa Richard Lander da waɗansu abokan tafiya. Kurmin ƙasar Yarabawa suka fara ratsawa, kuma tun ba su yi nisa ba zazzaɓi ya kashe biyu daga cikin abokan nasa. Ya bi ta tsohuwar Oyo, ya ƙetare Kwara a wajen Busa, ya iso Zariya a daminar 1826, zamanin Sarki Yamusa. Daga nan ya wuce Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can kuma ajali ya same shi a 1827. Bayan shekara kusan 60, watau a 1885, wani Bajamushe mai suna Paul Staudinger ya taso daga Loko a bakin Binuwai, ya biyo ta Keffi ya shigo Zariya. Dukansu sun bar rubutu a kan ganuwar birnin da kasuwarsa da itatuwansa. Sai dai su da 'yan dako da dawaki suka yi tafiyarsu.

'Yan jakar goyo na sosai a shekarun 1970 da 1980 aka fi ganinsu. Sukan ƙetaro daga Turai zuwa Aljeriya, su ratsa Sahara ta Tamanrasset, su sauko Agadas da Damagaram, su huta a Kano. Waɗansu a cikin manyan motocin haɗin gwiwa, waɗansu kuwa duk motar da ta tsaya musu ita ce tasu. Daga Kano wasunsu kan biyo ta Zariya su yi kwana ɗaya ko biyu, su zaga birni, sa'an nan su nufi Jos da Kamaru, har kurmin ƙasar da a lokacin ake kira Zayar. Dattawan Tudun Wada da Sabon Gari ba su manta da su ba, da jajayen fuskokinsu da ƙurar hanya. Hanyar nan ta mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da tawaye ya tashi a arewacin Nijar, yaƙin basasa kuma ya ɓarke a Aljeriya a 1992.

Namu matafiyan

Tun kafin waɗannan duka, kakanninmu sun riga sun taka ƙasashe da ƙafa. Fatake sukan haɗa ayari a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, su ɗauki kanwa da tufafi da fatu su nufi Gwanja, watau kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, su sayo goron da ake tsinkowa a kurmin Asante. Zuwa da komowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da Ankara daga wannan tafiya suka samo suna.

Alhazan dā kuwa gabas suke dosa. Su bi ta Barno, su ƙetare zuwa Wadai da Darfur, su ratsa Kurdufan har bakin Nilu, daga nan zuwa Sawakin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani yakan yi shekara uku a hanya, wani bakwai, yana tsayawa yana ƙwadago a gonakin auduga na Jazira har ya tara kuɗin gaba. Waɗansu ba su komo ba, zuriyarsu tana Sudan har yau.

Sai kuma masu neman ilmi, su ne ma suka fi kama da 'yan jakar goyo. Gafaka a rataye, buzu a naɗe, buta a hannu, shi ke nan kayan duniyarsu. Zariya na cikin manyan wuraren da suke dosa, domin ta yi suna wajen nahawu da lugga da fiƙihu, musamman zaurukan Unguwar Juma da Kona. Mutum ya taso daga Katsina ko Bauci ko Adamawa, ya sauka gidan malami, ya yi shekaru, ya koma garinsu da littattafai a ka.

Abin da ya haɗa waɗannan matafiya shi ne sauƙin kaya da ladabin baƙunta. Mai kaya kaɗan dole ya nemi mutane, ya yi sallama, ya tambayi hanya, ya koyi gaisuwar gari. Ta haka yake sanin ƙasa da mutanenta. Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma da wannan karin magana Alhaji Abubakar Imam ya sa wa littafinsa suna bayan ya komo Zariya daga Ingila a 1943. Yau kuwa muna tashi Kano da safe mu yi la'asar a Dubai ko Alƙahira, daga filin jirgi sai otal, daga otal sai kanti, mu komo da akwatuna cike ba mu san sunan unguwa ɗaya ta garin ba.

Don haka muka ga ya kamata mu gwada wannan tsohuwar tafiya a inda ba a bukatar fasfo. Muka ware kwana biyu, ɗaya na daji ɗaya na birni.

Ranar farko: daji da dutse

Dutsen Kufena yana yamma da birni, kusa da Wusasa, tafiyar 'yan mil kaɗan. Lokacin da ya fi dacewa da hawansa shi ne ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, hazon hunturu kuma bai rufe sararin sama ba. Abin da muka zuba a jaka bai taka kara ya karya ba: gorar ruwa biyu, dabino da ƙuli-ƙuli, 'yar darduma, da maganin ciwon kai. Muka sa takalmi mai kama dutse, muka riƙe sanda, muka fita bayan sallar asuba.

Kafin mu hau sai da muka gai da dattawan da ke zaune a gindin dutsen, muka faɗi abin da ya kawo mu, suka haɗa mu da wani saurayi ya yi mana jagora. Wannan ba abin rainawa ba ne. Ɗan gari ya san inda santsi yake, ya san kogon da zuma ta yi gida, ya san gonar da ba a ratsawa. Hakkinsa kuma a biya shi ba tare da ciniki mai tsanani ba.

Dajin Zariya ba kurmi ne mai duhu irin na Kwango ba. Wanda ke son wannan sai ya nufi Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, ko gandun dajin Kuros Riba. Nan ƙasar doka ce da kaɗanya da ɗorawa, da tsamiya da giginya jefi-jefi, yawancinta kuma ta zama gona. Muka bi ta tsakanin dawa da ta sunkuyar da kai, muka gangara fadama inda ake rake da kayan lambu, kurciya na kuka, fakara na tashi daga ƙarƙashin ƙafa. A nan ne jagoranmu ya nuna mana wani dogon tudu da ya miƙe ta cikin gonaki. Mai mota ba zai ko lura da shi ba. Ragowar tsohuwar ganuwa ce, irin wadda Hausawa ke kira ganuwar Amina.

Hawan dutsen ba ya son gaggawa. Falalen yana da faɗi, wani wuri sai an dafa da hannu, wanda kuma ya saba da kujerar ofis ko ta kanti zai ji ƙirjinsa na bugawa tun bai kai rabi ba. Amma da mutum ya kai bisa ya juya, gajiya sai ta wartsake. Ga birni can a shimfiɗe da rimayensa, ga dutsen Madarkaci a cikinsa, ga na Tukur-Tukur a gefe. Ta arewa ga Samaru da dogon ginin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Ga kuma kwarin Kubanni ya ratsa yana neman Galma.

Daga nan bisa ne mutum zai gane dalilin da ya sa gari ya zauna a wannan wuri. Akwai dutsen fakewa in yaƙi ya zo, akwai ruwa da fadama, akwai tama a ƙasa, masu binciken jami'a ma sun tono wuraren narkar da ƙarfe na dā a kewayen Samaru. Tarihin baka ya nuna cewa sarautar Zazzau, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ta zauna a Turunku ta kudu, daga baya ta komo Kufena, sa'an nan ta sauka inda birni yake yanzu. Ana danganta wannan ƙaura da gidan Bakwa Turunku, wajen ƙarni na 16, ana kuma cewa sunan garin na Zariya ne, ƙanwar Amina. Watau wanda ya sauko daga Kufena ya nufi birni, sawun sarautar Zazzau yake bi.

Da muka sauko muka ratsa Wusasa, inda 'yan mishan suka koma a 1929 bayan sun bar cikin birni, inda kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Tsohuwar majami'ar garin da ƙasa da azara maginan Hausa suka gina ta, abin dubawa ne ga mai son sanin gwanintarsu.

Wajibi ne mu yi gargaɗi a nan. Dazuzzukan yammacin Jihar Kaduna, wajen Birnin Gwari da Kamuku, sun daɗe suna fama da 'yan bindiga, kuma a 2021 masu satar mutane sun taɓa har gefen Zariya. Kada kowa ya shiga daji sai ya tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a wannan mako. A tafi da rana, a tafi cikin jama'a, a komo kafin magariba.

Rana ta biyu: cikin birni

Ta Ƙofar Doka muka shiga, wadda ke fuskantar Tudun Wada. Ganuwar Zariya kewayenta ya kusa mil 10, ƙofofinta kuwa sanannu ne: Doka, Kibo, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Jatau da Galadima. Da ƙasa zalla aka gina ta. Ramin da aka haƙa a waje don ɗibar ƙasar shi ya zama gwalalo, watau kariya biyu da aiki ɗaya. Magabata ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki da kududdufai da dutse, domin ko abokan gaba sun tsare ƙofofi wata da watanni, na ciki su sami ci da sha. Ginin ƙasa kuwa ɗan lele ne, kowace damina sai ta ɗebi rabonta. Saboda haka a dā in ruwa ya ɗauke akan yi gayya a gyara inda ya zube. Bayan Turawa sun shigo a 1902 ganuwa ta daina tsare kowa, gayya ta mutu, aka bar ta da ruwan sama.

Mun bi gefenta na ɗan lokaci, abin da muka gani kuwa ba mai daɗin faɗi ba ne. Wani wuri tana nan da tsayinta har ta fi mutum biyu. Wani wuri an yanke ta an fitar da hanya, wani wuri an kwashe ƙasarta an buga tubali, wani wuri gida ne sukutum a bisa kanta, wani kuma juji. An sāke gina ƙofofi da siminti an shafa musu fenti, amma ƙofa ba ganuwa ai kamar wuyan riga ne ba riga.

Daga Ƙofar Doka hanya ta miƙe ta Babban Dodo zuwa Fada. Mai tafiya da ƙafa ya fi kyau ya saki titi ya faɗa lungu. Sunayen unguwanni kansu darasi ne. Nufawa na faɗa maka waɗanda suka zo daga ƙasar Nufe da saƙa da ɗinki, Alfadarai na tuna maka dabbobin fatake, Mabuga na nuna inda ake bugun tufafin da aka rina. Rimin Tsiwa da Rimin Doko kuwa shaida ne cewa a Zariya itacen rimi ma alamar gari ne.

A zauruka muka tarar da maɗinka, kowa da riga a cinya, allura na shiga na fita. Ɗinkin hannu na manyan riguna sana'a ce da Zariya ta yi fice a kanta, aska takwas guda ɗaya takan ci watanni kafin a gama. A wani zauren kuma malami ne a kan buzu, manyan mutane masu furfura sun kewaye shi da littattafai, yana karantawa yana fassarawa. Muka yi sallama, muka tuɓe takalma, muka zauna daga baya har aka shafa fatiha. Wanda ya shigo da kyamara ya sani cewa nan gidajen mutane ne. Kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini, kada kuma ya wuce zaure sai an ce ya shigo.

Jefi-jefi muka riƙa cin karo da tsofaffin gidaje masu zanko a bisa da zane a fuska. Maginan Zariya sun shahara da wannan ado, suna fitar da dagi da takobi a jikin bango, a tsakiyar ƙarnin da ya wuce ma har keke da agogo suka riƙa zanawa. Irin waɗannan gidaje raguwa suke yi kowace shekara, bulo da kwano na maye gurbinsu.

A ƙofar Fada muka tsaya muka huta. Nan ne mai sauraro zai ji labarin 1808, sa'ad da Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu ya karɓi birni, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda aka mayar Suleja bayan an ba sabon babban birnin tarayya sunan. Ma'aikacin da ke zaune Abuja yau ya sani sunan garin da yake aiki daga gidan sarautar Zazzau ya fito. Tun daga jihadi gidaje huɗu ke sarauta a nan, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

Masallacin Babban Gwani

Dab da Fada nan ne wurin masallacin Jumma'a, nan kuma tafiyarmu ta yi nauyi. An gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, magininsa kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Da tubali da azara ya tayar da ginshiƙai masu kauri, ya ɗaura bakan gizo daga wannan zuwa wancan, ya rufe da tulluwa, ya yi wa ginshiƙan zane mai zurfi. Masana gine-gine na duniya sun lissafa shi cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ciki da waje, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabo na siminti.

Ranar Jumma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin ya rufto a kan masallata, mutane da dama suka rasu, waɗansu suka ji rauni. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Daga baya aka shiga neman gudummawar sāke ginin. Amma wanda ya yi ta cewa wata rana zai je ya ga aikin Babban Gwani, bai je ba har wannan rana, to, ba zai ƙara ganinsa yadda yake a dā ba. Gini ya yi shekara kusan 190 yana jiranmu, mu kuwa muna ta wucewa a mota.

Abin da ya rage gare mu

Birnin Fas da 'yan jakar goyo ke rububinsa ya shiga jerin wuraren tarihi na hukumar UNESCO tun 1981, mutanensa kuma suna cin abinci da tsofaffin lungunansu. Nijeriya wuri biyu take da su a jerin, Sukur a Adamawa tun 1999, da kurmin Osun a Oshogbo tun 2005. Ganuwar Zariya da dutsen Kufena suna cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta ce a kiyaye, amma doka a takarda ba ta hana damina aikinta, ba ta kuma hana mai tifa.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikata, musamman na ofishin filaye da tsara gari da ƙananan hukumomi, takardar fili a kan ganuwa da hannun mutum ake sa mata hannu. Wanda aka kawo wa irinta ya tuna amana ce, abin da ya sa hannu aka rushe kuwa jikokinsa ba za su iya mayarwa ba. Ga 'yan'uwanmu attajirai, har yanzu akwai tsofaffin magina da suka san haɗin makuba da ɗaurin azara. Kuɗin tikitin jirgi guda ya isa a ɗauki nauyin samari su koyi sana'ar a hannunsu kafin su ƙare, ko a gyara zaure ɗaya mai tarihi a unguwa. Ga iyaye kuma, in hutun makaranta ya zo, a ba yaro 'yar jaka da gorar ruwa, a kama hannunsa a shiga ta Ƙofar Doka a fita ta Ƙofar Gayan da ƙafa. Yaron da ya taka ganuwa ya ji labarinta, da wuya ya girma ya sayar da ƙasarta.

Wanda kuma Allah Ya hore masa fita waje, don ciniki ko karatu ko Umra, ya ware ko da yini guda ya ajiye mota, ya zaga garin da ƙafa kamar yadda kakanninsa suka yi. Zai komo da abin da ba a sa wa kuɗin kwastan.

Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya buɗe hanyoyinmu na daji da na gari, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.